Fim Ɗaya, Haske Biyu

Shekarun baya, lokacin ina koyarwa a wata sakandare a Kamazou, son tsohuwar kyamara ya kama ni kamar zazzaɓi. Kowa ya koma ɗaukar hoto da waya, ni kuma na ga dama na koma baya. Wani maƙwabcina ne zai bar gari ya fito da tarkacen mahaifinsa, a ciki na tsinci wata baƙar kyamara mai ido biyu, irin wadda ake ratayawa a wuya a leƙa ta sama. Fim ɗinta naɗi ne, hoto goma sha biyu kacal yake ci, baƙi da fari. Na ɗan karanta abu biyu uku, na wanke naɗi biyar a banɗakin gidana, biyu suka lalace, uku suka fito dama-dama, shi ke nan sai na fara jin kaina. A ɗakin malamai idan aka nuna mini hoton waya, sai in yamutsa fuska in ce hasken bai yi ba.

Babban abokina a makarantar malamin lissafi ne, mutumin Filato, amma a Rido aka haife shi. Mahaifiyarsa tana can, duk Mama muke ce mata. Ta yi shekaru tana sayar wa ma'aikatan matatar mai abinci, kuma duk wanda ya taɓa cin gwatenta ya san hanyar gidan. Abu ɗaya ne ba ta wasa da shi: hoto. Kana ɗaga waya za ta ja gefen zani ta rufe fuska. Kuma tana da gaskiyarta. Mama baƙa ce, kyakkyawan baƙi mai sheƙi, ga shi ba ta rabuwa da farin ɗankwalinta na zumuntar matan coci. Duk hoton da aka taɓa yi mata, ɗankwalin ne ke fitowa da haƙora, fuskar kuwa sai ka rantse gawayi aka shafa. Takan ce, "Ku bar ni don Allah, ni ba dodo ba ce."

Wata Lahadi cikin bazara na raka abokina gaishe ta bayan an taso daga coci, kyamarar tana rataye a wuyana don a san ni ma wani ne. Tana ganinta ta tafa hannu. Ta ce da irin wannan aka ɗauke su ranar aurensu, hoton ya ɓace a wajen ƙaura.

"Wannan mai ladabi ce," in ji ta. "Mai ɗauka yana sunkuyar da kai kamar yana gaishe ka. Oya, ɗana, ɗauke ni."

Abokina ya buɗe baki yana kallonta. Na fara a cikin ɗakinta, tana zaune a bakin gado, haske kaɗan yana shigowa ta 'yar taga da labulen ƙofa. Daga nan ƙawayenta na zumunta suka shigo, duk da fararen riguna da fararen ɗankwali, aka ce sai an yi na tare. Muka fita tsakar gida, rana tana tsakar ka, na ƙarasa sauran fim ɗin a kansu. Na dawo gida na jefa naɗin a aljihun tebur, da niyyar zan wanke idan na samu sarari. Sararin bai zo ba.

Bayan sati bakwai Mama ta kwanta, kwana uku ta cika. Aka sa jana'iza ranar Asabar a ƙauyensu, motoci za su tashi Juma'a da safe. Nan aka shiga neman hoton da za a sa a gaban takardar tsarin jana'iza, a kuma ajiye kusa da akwati. Aka zazzage gidan kaf, ba a samu komai ba sai na katin zaɓe, wanda ko 'ya'yanta ba za su iya rantsuwa ita ce ba. Ranar Talata a wajen makoki abokina ya ja ni gefe, idonsa ja wur.

"Mutumina, hoton nan na Mama fa?"

Na ce, "Yana nan lafiya lau." Amma ko wanke fim ɗin ban yi ba. Mutumin da ya lalata naɗi biyu cikin biyar, yau an ɗora masa wanda babu na biyunsa a duniya. Duk cika bakin nan na ɗakin malamai ya gudu ya bar ni.

A unguwar Television akwai wani dattijo da nake sayen fim a wajensa, kowa Baba yake ce masa. Mutumin Nasarawa ne, ya yi aiki a masaƙa a sashen da ake ɗaukar zanen atamfa, da aikin ya ƙare sai ya buɗe ɗan situdiyonsa. A lokacin ya haura saba'in, gwiwa ɗaya tana ba shi wahala, kuma hoton fasfo ne kawai ya rage masa. Ban taɓa zama na saurare shi ba, don a ganina na riga na karanta komai. Ranar kuwa da sallama har da rusunawa na shiga. Na ajiye naɗin a gabansa, na zayyana masa labarin, na roƙe shi ya wanke mini yau yau.

Bai taɓa fim ɗin ba. Ya ce, "Malam, zauna tukuna. Wane haske ne a ciki?"

Na ce wasu a ɗaki, wasu a rana.

"A naɗi ɗaya?"

Na ce e. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar, ya dube ni yadda nake duban ɗalibin da ya zo jarrabawa babu biro. Sannan ya jawo wani ɗan katako daga ƙarƙashin kanta. An yi masa fenti gida-gida har goma sha ɗaya, daga baƙi ƙirin a wannan baki zuwa fari fat a wancan, tsakaninsu ruwan toka yana hawa kaɗan-kaɗan. Matakala yake kiransa.

"Nan babu komai," ya ɗora yatsa a kan baƙin. "Nan ma babu komai," ya taɓa farin. "Hoto a tsakani yake zama. Fuskar mutanenmu tana nan ƙasa, mataki na uku, na huɗu. Farin ɗankwali a rana yana can sama, yana neman fita daga katakon gaba ɗaya. Aikinka ka riƙe su biyun a ciki. Lokacin ɗauka, da inuwa kake magana, ka ba ta hasken da zai ishe ta. Lokacin wanki, da fari kake magana. Ka daɗe a cikin maganin wankin, farin ya yi ta hawa. Ka cire da wuri, ya tsaya inda kake so."

Ya ce hotunan rana suna son gajeren wanki, don kada ɗankwalin ya ƙone ya zama farar takarda. Na ɗaki kuwa komai ya cunkushe a mataki biyu uku, suna son dogon wanki don su buɗe. Masu babbar kyamara da ke sa fim falle-falle ba su da wannan damuwa, kowane hoto da wankinsa. Mu masu naɗi, duk abin da ka zuba a ciki wanka ɗaya za su yi. Shi ya sa a zamaninsa idan zai je biki, naɗi uku yake ware wa, ya liƙa wa kowanne takarda: rana, inuwa, ɗaki. Ya gwammace ya naɗe fim da saura hoto huɗu ba a ɗauka ba da ya haɗa haske biyu.

Na ce, "To Baba, a ba su matsakaici mana, kowa ya samu rabi."

"Za a iya," in ji shi. "Za ka samu hoto. Irin wanda ta ƙi jini duk rayuwarta."

Ya tambaye ni lambobin da na sa wa kyamarar, na ce ban rubuta ba. Ya tambayi yawan hasken ɗakin, na ce akwai dai ɗan duhu-duhu. Ya girgiza kai ya ce ɗan duhu-duhu ba lamba ba ce. Ya ce mafita ɗaya ce, a raba fim ɗin biyu da almakashi a cikin duhu, kowane ɓangare a ba shi lokacinsa. Amma ba zai zuba magani a kan abin da bai sani ba. Gobe da irin lokacin da na yi ɗaukar, in zo in kai shi gidan.

Na ce, "Baba, har Rido? Da wannan ƙafar? Ga shi lokaci ya ƙure."

Ya ce, "Wanki sau ɗaya ake yi, Malam. Ƙafa kuwa gobe ma tana nan."

Laraba da hantsi muka shiga keke. Duk ramin da aka faɗa sai ya dafe gwiwa ya runtse ido. Abin da ya fara burge ni shi ne da muka isa, bai fito da kayan aiki ba. Ya zauna cikin maza ya yi gaisuwar rashi yadda ya kamata, aka yi addu'a, ya sha ruwa. Sai bayan nan ya nemi babban wan abokina, ya yi masa bayani a hankali, ya nemi izinin shiga ɗakin marigayiya. Ya kuma tambaya ko akwai wadda launin fatarta ya zo ɗaya da nata. Aka ce ƙanwarta, wadda ta zo daga ƙauye jiya.

Aka kira ta. Baba ya roƙe ta ta ɗaura ɗankwalin yayarta ta zauna a bakin gado. Tana ɗaurawa ƙamshin man gashin Mama ya bugi hancinta, ta fashe da kuka. Ni duk na tsargu, ina ganin mun zo mun fama wa mutane ciwo. Baba ya tsaya a bakin ƙofa da hularsa a hannu, bai ce ta yi haƙuri ba, bai kalli agogo ba, har ta gama ta share ido da kanta ta ce, "Baba, yi aikinka."

Sannan ya ciro wata 'yar mita ta auna haske, tsohuwa, an ɗaure murfinta da roba. Ya sa na gyara labulen yadda yake ranar. Ya auna kumatunta ɓangaren taga, ya auna ɓangaren inuwa, ya auna goshi, ɗankwali, bango, yana rubutawa a ɗan littafi. Muka fita tsakar gida ya sake yin haka a rana. Allah ya taimake ni ban taɓa kyamarar ba tun ranar, lambobin waje suna nan yadda na bar su. Ya duba su, ya duba littafinsa, sai ya yi dariya.

"A ina ka auna hasken?"

Na tuna a gindin mangwaro na auna, sannan matan suka matsa cikin rana, ni kuma na manta ban sauya ba.

"Kuskurenka ya yi maka rana," in ji shi. "Ka ba fuskokin haske fiye da yadda ka yi niyya. Suna ciki. Farin ne kawai zan riƙe." Na ɗaki kuwa, da na ce masa na buɗe idon kyamarar duka na riƙe numfashi, ya daɗe yana lissafi, sannan ya ce muna bakin iyaka. Abin da bai shiga fim ba, babu maganin da zai fito da shi, kada in yi wa kowa alkawari.

Saura tambaya ɗaya: hoto nawa ne na ɗaki? Na ce biyar. Abokina ya ce shida. Muka tsaya muna musu a tsakar gidan makoki, ni da na yi ɗaukar da shi da ya tsaya yana kallo. Baba ya katse mu. Ya juya wajen abokina ya ce tazarar da ke tsakanin hoto da hoto ba ta kai faɗin ƙaramin yatsa ba, kuma a duhu zai yanka, dole wani ɓangare ya ɗauki kasada. Wanne ya fi so a tsare?

Abokina ya ce, "Na ɗaki, Baba. Inda take ita kaɗai."

"To bayan na shida zan yanka, kuma zan karkata wajen na bakwai. In almakashi zai ci wani, shi zai ci."

Alhamis da safe na kai masa wani tsohon nagatif, wato wankakken fim, da na ɗauka da kyamarar, don kowace kyamara da irin tazarar da take bari. Ya shimfiɗa shi a kan wata sanda, ya yi tsaga da wuƙa daidai inda na shida ya ƙare. Ya ɗauko lalataccen fim ya gwada yankan sau uku ido a rufe, yana buɗewa yana dubawa. Ya aike ni sayen ƙanƙara wajen matar da ke maƙwabtaka da shi, saboda ruwan famfo a bazara ya yi wa maganin zafi, ya yi ta jefa ƙanana yana duba ma'aunin zafi har ya gamsu. Ni duk wannan a banɗakina ban taɓa yin ko ɗaya ba, ruwan famfo kawai nake tara in ce bismilla.

Muka shiga ɗakin duhu, ya rufe ƙofa, ya toshe ƙasanta da tsumma. Ko jan ƙwan fitila bai kunna ba, ya ce fim ba ya son kowane irin haske. Ban taɓa ganin duhu irin wannan da rana tsaka ba. Ina jin ƙarar takardar bayan fim tana warwarewa, ina jin Baba yana ƙirga da yarensu ƙasa-ƙasa. Sai shiru. Sai na ji almakashi ƙyas. Wallahi har cikin haƙorina na ji shi.

Na waje ya fara wankewa, ya ce idan akwai abin mamaki gara ya same mu a nan. Ya rage lokacin sosai, idonsa a kan agogon bango. Da ya ɗaga shi a taga yana ɗigar ruwa, hoto shida ne cif, na farkonsu matan suna jera kansu a tsakar gida. Ashe malamin lissafi ne mai gaskiya. Almakashin ya ɗan shafi gefen wannan hoton, ya tafi da kafaɗar wata mata, wadda har yau idan mun haɗu sai ta tambaye ni ina na kai mata kafaɗa.

Sai na ɗaki. Wannan karon ya ƙara lokaci, yana juya gwangwanin da fim ɗin ke ciki a hankali duk bayan minti ɗaya, kamar mai lallaɓa jariri. Na buɗe baki zan yi tambaya ya ɗaga mini hannu. Da ya gama ya fito da shi, ya ɗaga a taga, ya daɗe yana bi ɗaya bayan ɗaya. Uku hannuna ya yi rawa sun dishe. Ɗaya ta rufe ido. Ɗaya na yanke mata saman kai. Ya tsaya a kan na ƙarshe, ya matso da shi kusa da tabarau.

Ya ce, "Tana nan."

Da la'asar abokina ya zo aka buga a takarda. Yanzu an kunna jan ƙwai. Baba ya haska nagatif ɗin a kan farar takarda, yana kaɗa yatsunsa a tsakani, yana tare wa fuskar haske kaɗan, yana ƙara wa ɗankwalin. Ya tsoma takardar a cikin magani. Da farko babu komai. Sai idanu suka fara fitowa, sai hanci, sai layukan gefen baki. Daidai lokacin da ta gaji da ni ne take cewa ya isa haka, tana dariya. Ga ɗan tabon da ke saman girarta, ga sheƙin kumatunta, ga kuma ɗankwalin fari tas amma kana ganin kowane lanƙwasa da saƙar zarensa. Abokina ya dafa bango. Ya ce "Mama," da irin muryar da mutum ke kiran wanda ya shigo ɗaki. Ni ma ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Baba dai yana kallon agogo, ya ciro takardar a kan lokacinta.

Ranar Asabar a ƙauye, tsofaffin da suka yi ƙuruciya da ita sun fi daɗewa a gaban hoton fiye da gaban akwatin. Mutane suka yi ta zuwa suna yaba mini, wai ashe ni gwani ne. Na farko da na biyu na yi murmushi na karɓa, ba zan ɓoye muku ba. Daga na uku kunya ta ishe ni, na fara faɗin gaskiya: ni dai na danna, wani dattijo a Television ne ya yi hoton.

Bayan nan na yi kusan shekara biyu ina zuwa wajensa duk Asabar, ina zaune a benci kamar ɗan aji ɗaya. Ya koya mini auna inuwa kafin komai, da rubuta kowace ɗauka, da ware wa kowane haske naɗinsa. Amma abin da ya fi zauna mini ba lissafin ba ne. Mutumin nan bai taɓa ganin Mama ba, bai san abokina ba, da ya zuba magani ya ba mu duk abin da ya fito babu mai zarginsa. Sai ya ja ciwon gwiwarsa har Rido don ya auna hasken da ya faɗa a kumatun matar da ta riga ta tafi. Ban taɓa ganin wanda ya girmama aikinsa da mutanen da ke cikin aikin irinsa ba, kuma har gobe idan na tuna shi sai in ji na raina ƙoƙarina. Yanzu ya rufe situdiyon ya koma garinsu, idonsa ya yi rauni, mukan gaisa a waya.

Shekara uku bayan rasuwar, matar abokina ta haifi 'ya mace. Ranar da aka fito da ita dangi suka kaure da musun wa ta ɗebo, dangin uwa suna ja, dangin uba suna ja. Abokina ya ɗauki jaririyar ya je jikin bangon falo, ya ɗaga ta kusa da hoton. Hancin, goshin, har yadda leɓen sama ya ɗan tashi. Sai wata gwaggo daga dangin uwar ta ce, "To, mun sallama."

Yarinyar tana firamare yanzu. Ba ta taɓa jin muryar kakarta ba, amma duk baƙon da ya shigo gidan sai ta ja hannunsa zuwa bangon nan, ta tsaya a ƙarƙashin hoton ta ɗaga fuska, ta ce ya duba da kyau.